Buhu Goma Sha Ɗaya

A siton Bukur da asuba ake lodi,
sanyi na cizon kunne kamar yana bin ka bashi.
Siminti buhu ɗari shida
aka jera a gadon tirelata.
Ita kuwa ba bango gare ta, ba rufi,
shimfiɗa ce kawai bisa tayoyi.

Akawu, Madam Kangyang, ta miƙo takarda ta taga:
"Sa hannu nan, direba, ja ka ba na baya wuri.
Ɗaurin tamfol a waje ake yi."
A bakin ƙofa akwai layin farin fenti,
faɗinsa bai kai tafin hannuna ba.
Ciki na kamfani ne,
waje kuwa sai Allah.

Tamfol ɗinmu ya fi Dalyop nauyi.
Na sani, ni na ɗora masa a kafaɗa.
Ya hau ta bayan kan mota, ba tsani,
da silifas ɗin da ya ɗaure da waya tun a Lafiya,
yana tafe bisa buhuna yana fito,
ni ina ƙasa da igiya, ina cewa yi sauri.

Hadari ya taso daga duwatsun Shere.
Ba ya sallama, kowa a Jos ya san halinsa.
Iska ta kutsa ƙarƙashin tamfol,
ta hura shi ya yi ciki,
yaron kuma ya ƙi saki,
don ni na koya masa kada ya saki.

Faɗuwar ba ta yi ƙara ba.
Kamar an sauke buhu ɗaya ba da hankali ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba:
da ruwa ya ɓarke da ƙanƙara,
kaya na fara duba
kafin na dubi yaro.
Kiftawar ido ce.
Shekara uku ke nan ban gama biyanta ba.

Tanimu mai shayi da 'yan dako biyu
suka cicciɓe shi zuwa cikin keke.
Ƙugu ya goce, haƙarƙari uku.
Yana tambayata a hanya, haƙora na kaɗawa,
"Oga, an rufe kayan?"

Ran Litinin manaja ya ba ni kujera,
har da ruwan sanyi.
Ya ɗora yatsa kan sharaɗi na tara,
rubutu ƙanana kamar jerin kiyashi:
kaya in sun haye layi, amanar mai mota ne,
hawa da sauka da ɗauri, ba ruwan mai kaya.
A ƙasa ga sa hannuna,
karkatacce, na mai sauri.
Inshora ta san siminti,
ta san lambar mota gaba da baya,
amma ba ta taɓa jin sunan Dalyop ba.
Buhu goma sha ɗaya sun sha ruwa sun zama dutse.
Su aka ƙirga. A kuɗina aka cire.

Suna nan har yau a bakin ƙofa,
taki ɗaya a wajen layi.
Direbobi na zama a kai su sha shayi,
yaran mota na taka su su hau.
Kamfani ya yi tsani ke nan, da kuɗina.

Nawa tsanin a Dilimi aka yi mini waldarsa,
yana ɗaure a bayan kai da kaca.
Sabon yarona dariya yake, wai na tsufa.
In muka doshi gangaren Hawan Kibo
da babbar giya, birki na wari,
ina jin tamfol na kaɗawa a baya
kamar mai buga ƙofa.

Dalyop yana Katako yanzu, ɗinkin tamfol yake yi,
ƙafa ɗaya a miƙe, basilla a baki.
Shi ke yi mini faci, ba ya karɓar ko sisi,
ni kuma ba na iya kallon idonsa in nace.
Jiya ya ninke mini shi, ya dubi sabon yaron,
ya ce, "Kai, in iska ta ja, sakar mata.
Ana sayar da wani a nan."